Buron da Ba Shi da Zaure

"...da gajiya, amarya? Ina gajiyar zaman banza?"

"Gajiya ta bi lahiya, Tsoho. Ina wunin haƙora? Guda ukun nan suna nan ko an yi rashi?"

Haka suke gaisawa, Baba Badaru da jikarsa Rashida, tun tana rarrafe. Ni Jummai, ɗiyar tsohon, gwaggon yarinyar, ina gefe ina ɓarar wake, kuma ba don waken ba da tuni na tashi, don in sunka fara ba mai jin kiran wani. Rashida a Konni take aiki, wurin wata ƙungiya mai taimakon manoman albasa. Kwana uku tana buro, wato ofis, Laraba da Alhamis kuwa nan Tajaye take yinsu, a rumfar ƙofar gida, da ordinatar, wato kwamfuta, bisa cinya. Baba tsohon magini ne, ƙafa ta ƙi, sai baki. Ranar Alhamis ɗin nan bayan la'asar ta fito da wata takarda mai faɗi ta shimfiɗa a tabarma, fuskarta ba daɗi.

"Mi ne ne wanga? Sammaci kika kawo mini?"

"Wa zai ɓata tawada a kanka? Zanen buro ne."

"Buro! Ke da aikinki danna-danna, yaushe kika zama magina?"

"Tun da aka ga maginan da sun ƙare, sai ƙwaurin baki. Ka bar ni, Tsoho, yau ba ni da lokacin miji."

"Mijin da ya biya sadaki da goro biyu ba a ce mishi haka. Zauna ki yi bayani."

Sai ta yi. Su goma sha biyu ne a wurin aikin, wasu na buro, wasu na gida, manyansu na Yamai. In za a yi reniyo, wato taron aiki, sai a haɗu ta cikin ordinatar. To buron ɗaki ɗaya ne ƙato, ƙofarsa na kallon titi, kuma manoma ba su fasa zuwa.

"Makon jiya wani dattijo ya zo daga Alela muna tsakiyar reniyo," in ji ta. "Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, ina gida, ina yara, ina ruwa, yaya aka ji da zafi. Da ya gama da mu sai ya hango kawuna shida cikin ordinatar, ya gyara babbar riga ya fara da su. Har ya tambayi wata madam ta Yamai ina mai gidanta."

"Ɗan halak! Ta amsa?"

"Ba ta da miji."

"Ba ni lambarta."

"Ka ji ka! Da wane haƙorin za ka yi mata murmushi?"

"Da na tsakiya, shi ne mai farin jini."

Ni dai na tuntsire har wake ya zube. Rashida ba ta yi dariya ba. Ta ce direktansu, Malam Alkasum, ya gaji. Gobe Juma'a yake son ta kai mishi zanen da zai raba reniyo da gaisuwa. In zanen bai yi ba, aiki daga gida ya ƙare, kowa ya koma buro Litinin zuwa Juma'a.

"Ba a fafe gora ranar tahiya," in ji Baba. "Amma mu gani. Waɗanga akwatunan fa?"

"Ɗakunan gilashi ne guda uku. Mai reniyo ya shiga ya rufe, ba ya jin kowa."

"Gilashi? Irin na mai kilishi a tasha? Nawa za a riƙa sayar da ku?"

"Ni ai na fi ƙarfin aljihunka."

"Wanga rubutun bakin ƙofa fa?"

"An ce a yi shiru, ana aiki."

"Da wane harshe?"

"Faransanci."

"Madalla! Mutumin Alela zai sauko daga amalanke ya karanta faransanci. Ina bencin baƙi?"

"Na cire. In ba wurin zama ba mai daɗewa."

"La'ilaha! Jummai, kin ji abin da muka aike ta lakwal ɗin boko ta koyo? Mutum ya taso tun asuba, ya zo da maganar gonarsa, a hana mishi sannu, a hana mishi wurin aje gindi. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ku kun naɗe duka biyun."

"Karen bana shi ke maganin zomon bana, Tsoho. Kai mi ka sani ga buro?"

"Ni? Gida arba'in na gina tsakanin nan da Malbaza. Direbobin siminti in sunka zo wucewa ta gaban ginina sai sun rage gudu sun cire hula."

"Don kar iskar mota ta ka da shi."

"Katangata harsashi ba ya huda ta."

"Ta garken awaki fa? Akuya ta yi atishawa ta zube."

"Akuyar ce ke da mugun baki, irin na wata da na sani."

"Gado ba karambani ba."

Baba ya sa sandarsa ya ƙwanƙwasa akwatin gilashin nan na takarda. "To bari in tambaye ki, 'yar boko. Kina cikin kwalbarki, dattijon Alela ya shigo. Yana ganinki?"

"Yana gani, gilashi ne."

"Kin taɓa ganin Bahaushen da ya haɗa ido da mutum ya wuce bai gaishe shi ba? Zai tsaya ya ɗaga hannu. Ba ki ji ba, ya ƙwanƙwasa. Ba ki buɗe ba, ya buɗe da kansa, don ya zaci ba ki da lahiya. Ke kuma ɗiyar mutunci, kina ganin furfura za ki miƙe. Kun toshe kunne kun bar ido, alhali ta ido gaisuwa ke shiga."

Rashida ta jawo zanen gabanta. Ta dubi takardar, ta dubi tsohon, ta sake duban takardar. Sati guda ta yi tana wannan zane.

"To mi ne ne maganin?"

"A'a! Yanzu kuma? Ba karen bana ba ne? Ya yi haushi mana."

"Haba mijina. Haba angon duniya."

"Yau ni ne ango? Ɗazu haƙorana ake ƙirgawa. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Sai kin ce injiniya Badaru sau uku, kin dama mini fura da hannunki, kin faɗa gaban Jummai cewa bokonki bai kai cokalin ginina ba."

"Fura zan dama. Sauran kuwa sai dai ka mutu da marmari."

"To ki tahi da kwalabenki."

Ta fara naɗe takardar a hankali, kamar mai naɗe tabarmar baƙo. "Shi ke nan. Gobe in ce wa direkta na kasa. Dama ɗakin da nake kwana a Konni yana nan. In zauna can gaba ɗaya, kai kuma ka huta da mugun bakina. Sai Salla in leƙo, in motar ta samu."

"Sai Salla?"

"Babba. Ƙaramar ana aiki."

In ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Tsohon da ke cewa sai an kama shi yake miƙewa, sai ga shi ya zamo daga kujera ya durƙusa a ƙasa, yana share rairayi da tafin hannu, yana zana ɗaki da yatsa.

"Matso nan, marar kunya. Buronku gida ne da ba shi da zaure, shi ke nan ciwonsa. Ga titi. Nan za ki yanke ɗaki da katanga ta gaske, har sama, ba gilashi ba. Ƙofar waje nan, ƙofar ciki can kusurwa, kar su kalli juna. Kin taɓa tsayawa zauren gidan nan kin hango tsakar gida?"

"Ban taɓa ba."

"To ba tsautsayi ba ne, da gangan anka yi. Ki mai da bencin, ki ƙara tabarma da randar ruwa. Kullum a cikin masu zuwa buro mutum ɗaya ya zauna nan, aikinsa ke nan ranar: ya amsa sallama, ya tambayi yara da ruwa har baƙo ya ƙoshi. Wanda ake nema a leƙa a kira shi in ya gama. Masu magana da kawunan Yamai su shige can ƙurya, inda ido ba ya kaiwa. Baƙo ya samu girmansa, ku kun samu shirunku."

Rashida ta ɗauki waya tana ta ɗaukar hoton zanen ƙasa. "Wayyo Allah, Tsoho! Ko kuɗin gilashin ba zai ci ba! Gwaggo, kin gani?"

"Na gani," na ce. "Ku dai kar ku taka mini wake."

"To injiniya," in ji ta, tana kama shi ya tashi, "sau ɗaya na faɗa, saura biyu. Furar fa, da nono ko da ruwa?"

"Riƙe sauran, ban so."

"Yau kuma? Kai da ba ka yafe ko ƙwayar goro?"

Baba ya koma kujerarsa yana haki, yana dariya har da hawaye. Ya ciro 'yar jakar goronsa, wadda ko liman sai ya roƙa, ya jefa mata a cinya gaba ɗaya.

"Kin ci, ja'ira, na sallama. Ki kai wa Alkasum, in bai gane ba ki sa ni cikin ordinatar in yi mishi bayani da kaina. Kwana biyar nake yi gidan nan kowa na ce mini sannu Baba, Allah ya ƙara lahiya Baba, kamar wanda ya riga ya mutu. Ke kaɗai ke zagina. Laraba da Alhamis nawa ne, ba mai taɓa mini su."