Tunau da Sanyin Maganin Inna

A can ƙauyen Rafin Gora akwai wani mutum wai shi Tunau, gemu har ya fito masa amma duk abin da aka faɗa masa, haka yake ɗauka. Su uku ne a gida: shi, yayarsa Tabawa, da Innarsu mai ciwon suga. Sola ɗaya gare su a kan rufi, da batir ƙarami, da ɗan firij da ake ajiye allurar Inna. In allurar ta ji zafi ta lalace, kuma sai birni ake samun wata.

Wata rana Tabawa ta ce, "Tunau, batirin nan ba shi da ƙarfi. Abin da ba a amfani da shi, ka kashe." Da azahar ya leƙa ya ga Inna na barci, ya kashe mata fanka. Ta farka sharkaf da gumi.

"Wane ja'irin ne?"

"Inna, ai barci kike amfani da shi, ba fanka ba."

Wata rana kuma Tabawa ta ce, "Ka daina buɗe firij, sanyi na guduwa." Abin ya tsaya wa Tunau a rai. Ina sanyi ke zuwa in ya gudu? Ya ɗauki ƙwarya da faifai yana bin sawunsa, gindin mangwaro, bakin rijiya, yana kiransa a hankali kamar mai kiran tattabara. A jiƙaƙƙen yashin gindin randa ya same shi kwance. Ya kamfato yashin, ya buɗe firij wangalau yana juyewa. Tabawa ta biyo shi da muciya.

Wata rana da damina hadari ya rufe sama kwana uku, batir ya mutu. Tabawa ta yafa mayafi za ta nemo mai gyara, ta ce, "Don Allah kar ka raba maganin Inna da sanyi."

Sai la'asar ta dawo, ba mai gyara. Ta buɗe firij: ɗumi, kuma wayam. Ta ɗora hannu a ka.

"Na shiga uku! Ina allurar?"

Tunau ya ja ta gindin randa, ya tona yashi, ya zaro gwangwani a rufe. Ta buɗe, ga kwalbar allurar a ciki, ta ɗora ta a kumatunta. Sanyi ƙalau.

"Yaya, sanyin ne ya koma gidansu," in ji Tunau. "Sai na raka maganin can."