Takin da Bai Iso Shagari Ba

Ina sabon shiga koyon gwajin manhaja, abokina ya ba ni wadda ya haɗa wa manoman albasa na Shagari, mai tura musu saƙo ta waya. Ya ce iri biyu ce, akwai ta gwaji, akwai ta gaske, bari ya nuna mini. Na ce ya bar shi, ai ni ba baƙon kwamfuta ba ne.

Daga ɗakina a Bodinga na rubuta, "Takin zamani ya iso, kowa ya zo da buhunsa." Na tura, ya tafi sumul, har na yaba wa kaina. Ashe ta gasken na buɗe.

Kafin azahar aka kira ni in zo Shagari in ba da haƙuri. Na tarar da babura daga Kajiji da Dandin Mahe, mutane sun bar ban-ruwa, albasa tana shan rana. Cikinsu har da surukina, riƙe da buhunsa. Bai ko dube ni ba. Ya ce wa na kusa da shi, "Tun zamanin En'e ban ga wanda yat tara mu a banza haka ba. Kuma wanga nib ba auren ɗiyata."

Har yau in na shiga kasuwar Shagari, sai wani ya ɗaga mini buhu: "Malam Gwaji, ya iso?"