Takalmin da Ya Ƙi Fita a Ƙofar Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je gaida surukaina a wani ƙauye kusa da Yekuwa. Ko na so in manta ma, matata Dije ba za ta bari ba. Yau jikoki sun cika mana gida, amma da na fara cika baki a gaban baƙi sai ta kalli ƙafata ta dama ta yi murmushi, ni kuwa in yi maza in sauya zance.

Cikin shekarun saba'in ne, ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Waca. Na tara gashi, ina da wando mai faɗin ƙafa wanda ke share mini hanya, kuma a ganina tsakanin Waca da Magarya babu wanda ya kai ni wayewa. Abin da ya ƙara fasa mini kai shi ne wani takalmi da na saya a kasuwar Magarya wurin mai kawo kaya daga Kano. Baƙi ne wuluk, yana sheƙi, wuyansa ya wuce idon sawu, ba shi da igiya, sai dai ka zura ƙafa ka ja da ƙarfi. Ƙasansa kuwa tudu ne kamar an ɗora mutum kan tubali. Ranar da na fara shiga lakwal da shi, diraktanmu, wato shugaban makarantar, ya dube ni daga sama har ƙasa ya tambaye ni ko tsamiya zan tsinko. (Na ɗauka hassada ce.)

Dije na haɗu da ita a gidan gwaggonta a nan Waca. Mahaifinta, Malam Habu, manomi ne, kuma shi ake kai wa masu targaɗe da karaya a yankinsu. Shi dai bai ƙi ni ba, amma magana tana hannun yayansa, Baba Tanko, wanda ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa ba zai ba ɗan lakwal 'yarsu ba. Wai ba mu iya durƙusa wa manya ba, kuma muna taka wa mutane tabarma da takalmi. Da ƙyar aka shawo kansa ya yarda in zo ya gan ni da idonsa, daga nan ya yanke. Kwana biyu kafin tafiya Dije ta aiko gwaggonta da saƙo: in sa babbar riga, in bar wancan takalmin a gida. Na sa babbar rigar. Rabin shawara kenan na ɗauka, a raina ina cewa ai ba ta taɓa ganina cikinsa da babbar riga ba ne shi ya sa.

Muka kama hanya da sassafe ni da Baffa Isa, ƙanen mahaifina, a kan amalanken shanu na wani mai komawa can. An gama kaka, gari ya yi daɗi, rumbuna a cike. Da hantsi muka iso bakin ƙauyen, sai ga mata a rijiya, cikinsu har da Dije tana jan guga. Mai hankali zai jira amalanke ya tsaya. Ni kuwa sai na tattare riga na diro. Tudun takalmin dama ya nutse gefe ɗaya cikin yashi, ƙafar ta lanƙwashe, na ji wani abu ya ce ƙas a idon sawuna, zafin ya tafi har tsakiyar kaina. Amma na miƙe tsaf, na kaɗe riga, na ɗaga wa mata hannu kamar dama haka na shirya saukowa.

Baffa ya matso ya ce a hankali, "Kai, cire takalmin nan yanzu, tun ƙafar ba ta tashi ba."

Na ce, "Ba komai, Baffa, 'yar gurɗewa ce."

"Ga mai amalanke yana da na taya, ya ara maka."

"Haba Baffa, ni in shiga garin nan da takalmin taya?"

Ya ce, "To, jiki magayi."

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina har yau shi ne ba rashin sani ba ne. Mako biyu kafin nan na tsaya a gaban 'yan babban aji na koyar da wannan darasin da bakina, har da zane a allo. Na gaya musu cewa idan jijiya ko tsoka ta yage, jiki yakan buɗe hanyoyin jini a wurin, jini ya taho da yawa, shi ya sa wurin ke yin ja da ɗumi. Ruwa ya tsattsafo ya taru, shi ne kumburi. Cikinsa akwai fararen ƙwayoyin jini, su ne ke kwashe abin da ya lalace, in sun share wurin sai su kira masu saƙa sabon nama. Ciwo kuma aikinsa ya hana ka taka wurin har a gama. Har na sa yara suka maimaita sau uku, na dungure kan wani da ya kasa. Ga shi darasin ya zo ƙafata, na yi kamar ban taɓa jin labarinsa ba.

Aka ce mana dattawa sun tafi suna a wata ruga, sai daf da azahar za su dawo. Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar wani gawo, Baffa ya zauna abinsa yana shan fura. Ni kuwa na ce zan zaga in ga gari. Gaskiyar magana, gari nake so ya gan ni. Sau biyu ina bi ta ƙofar gidan su Dije, ina cije leɓe, ina taku ɗai-ɗai wanda na yi fatan a ɗauka ƙasaita ce. Ina jin takalmin yana ƙara matsewa, ƙafar tana bugawa kamar an ba ta zuciyarta daban, amma na ce in an gama gaisuwa na duba.

Da dattawan suka dawo aka yi mana iso zuwa zaure. Takalma ne jere a bakin ƙofa, na fata da na taya, mutum kusan goma a ciki. Baffa ya zare nasa ya shige, ya durƙusa ya fara gaisuwa. Na dafa bango na ja na hagu, ya fita salin-alin. Na kama na dama na ja. Ko gezau. Na sake ja, sai da na ga taurari da rana tsaka. Ga ni tsaye a ƙofar surukai, ƙafa ɗaya da safa, ɗaya kan tudu, na karkace gefe ɗaya, gumi yana bi ta cikin hulata.

Wata murya mai kauri ta fito daga ƙuryar zauren. Ba sai an gaya mini ba, Baba Tanko ne.

"Bisimilla mana, malam. Ko takalmin ne ba a rabuwa da shi?"

A nan Shaiɗan ya raɗa mini wata dabara: rigar nan doguwa ce, in na ɗan rusuna za ta rufe takalmin, in lallaɓa in shige in zauna a kansa, wa zai sani? Wallahi sai da na ɗaga ƙafar. Sai na ga sabuwar tabarmar da aka shimfiɗa saboda mu, na tuna abin da tsohon nan ya faɗa a kan 'yan lakwal. Na mayar da ƙafar, na zauna dirshan a ƙasa a bakin ƙofa da sabuwar rigata, na ce da ƙaramar murya, "Baffa, zo ka ja mini."

Baffa Isa mutum ne da ya saba fizgo saniya daga taɓo. Ya fito, ya kama dunduniyar takalmin da hannu biyu, ya dogara ƙafarsa da dokin ƙofa, ya yi bisimilla, ya fizga.

"Wayyo Inna! Wayyo Innata!"

Ni ne na faɗa. Ni, malamin lakwal, mai Faransanci a baki, mai neman aure. Ban faɗa a hankali ba, kaji ma sai da suka watse. Ta bayan zanan gidan, inda ashe mata suka taru suna leƙen ango, na ji dariya ta fashe, wata tsohuwa tana cewa, "A je a kira masa innar mana!" Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ko ta tsage takalmin nan ba zai bar ni in wuce ba.

Malam Habu ne ya taso. Ya zo ya tsuguna a gabana ya ɗora ƙafata kan cinyarsa. Ni da na zo in durƙusa masa, ga shi shi ne durƙushe a gaban ƙafata, wannan ya fi ihun ma ƙona mini rai. Ya latsa fatar takalmin, ya girgiza kai, ya zaro aska daga aljihu.

Na ce, "Baba, ba yadda za a yi a..."

Ya ce, "Ƙafa ko takalmi, yaro. Zaɓi ɗaya."

Ya tsarge shi tun daga wuya har ƙasa. Ƙafar ta fito suntum kamar kabewa, idon sawu ya ɓace, babban yatsa yana leƙe ta hudar safa. (Safar ce kaɗai ban saya sabuwa ba, don ban zaci za a gan ta a kusa haka ba.) Ya bi ƙashin da yatsunsa yana latsawa, ya juya sawun a hankali, ya ce ba karaya, targaɗe ne.

Na ce, "Baba, ko akwai abin da za a shafa kumburin ya sauka yau? Jibi ina da aji."

Ya dube ni ya ce, "Ya sauka ya je ina? Ai masu gyara ne suka zo. In katangar gidanka ta faɗi ka kira gayya, gida cika yake yi, a yi ta kai da kawo, a kwaɓa ƙasa, ka rasa wurin taka ƙafa. Ka taɓa ganin wanda ya kori 'yan gayya don sun cika masa gida? Ɗumin nan aikinsu ne. Ciwon kuma cewa yake ka zauna ka ba su wuri."

A nan ya kamata in yi shiru, amma sai na ga ƙofar da zan ɗan maido da mutuncina. Na gyara murya na ce, "Haka yake, Baba. A lakwal ma muna koyar da shi. Fararen ƙwayoyin jini ne ke zuwa su..."

Ya katse ni. "Au, ashe ka san su. Ka san su ka kulle su cikin fata, ka yi ta yawo a kansu, suna gini kana rushewa? Ai shi ya sa suka taru fiye da kima."

Dattawa suka kwashe da dariya, har Baffana, wanda ya fi kowa.

Tunda ba a kwana gidan surukai, aka ɗauke ni cancak zuwa gidan maƙwabci. Aka kifa turmi aka ɗora ƙafar a kai, ana sa mata tsumma jiƙe da ruwan randa don ta ɗan lafa. Baffa ya koma Waca ya shaida wa dirakta. Kwana huɗu na yi ina kallon darasina yana gudana a jikina. Kwana biyun farko ƙafar ta yi zafi jau, daga nan ta yi baƙi-baƙi, ta fara komawa ruwan ɗorawa ta gefe. A rana ta uku ɗumin ya ragu, fata ta fara yamutsewa, sai Malam Habu ya ce in riƙa motsa sawun, in ɗan taka da sanda, domin in ta daɗe a kwance sandarewa za ta yi. Duk wannan bai dame ni ba kamar auren da na tabbata na zubar da shi a ƙofar zaure. Kullum ana aiko mini da fura daga gidan su Dije, a rana ta biyu matar maƙwabcin ta ajiye ƙwaryar ta ce, "An ce in ka koma a gaida Inna."

Ranar ta huɗu da la'asar sai ga Baba Tanko da kansa. Na yunƙura zan durƙusa, ya ce, "Zauna, kada ka sake taso da tsohuwarka da ihu."

Ya zauna ya daɗe yana kallon ƙafar, sannan ya ce, "Na ga lokacin da ka ɗaga ƙafa za ka shigo. Rigarka doguwa ce, da ka so da ka ɓoye shi ka taka mana tabarma. Ka fasa, ka zauna a ƙasa ka sha kunyarka a gaban mata. Wauta dai kana da ita, yaro, ba kaɗan ba. Amma wauta kamar targaɗe ce, tana warkewa. Rashin kunya ne ba shi da maɗori. In ka iya tafiya, ka turo manyanka a sa rana."

Daɗi ya kama ni har sai da na yi hawaye, abin da ya sa ya ƙara da cewa dama ya lura ina da saurin kuka.

Na koma Waca a kan amalanken nan dai, sanye da takalmin taya ɗin da na raina. Ƙafar ta ɗauki makonni kafin ta koma daidai. Takalmin hagu kuwa, wanda bai yi laifin komai ba, Dije ta mai da shi wurin ajiye allura da zare, ya yi shekara da shekaru a ɗakinta inda duk baƙuwar da ta shigo sai ta tambayi labarinsa, ita kuma ba ta taɓa gajiya da bayarwa ba.

Tun daga ranar, in na gurɗe ko na bugu na ga wurin ya tashi, kwanciya nake yi in ɗaga ƙafa in bar masu gyara su yi aikinsu. In Dije ta ba ni shawara, duka nake ɗauka, na daina raba ta biyu. In kuma babba ya ce in cire takalmi, cirewa nake yi tun ƙafar tana yarda.