Birkin Malam Ashafa

In ana lissafa abubuwan da Allah ya ƙawata cikin birnin Kano da su, to bayan ganuwa da marina sai a ambaci Malam Ashafa na Zaitawa a kan kekensa. Wanda bai taɓa ganin fitowarsa da ƙarfe bakwai da rabi na safe ba, ya yi asarar kallo. Babbar riga ta sha iska ta kumbura kamar rumfar biki. Hula ta karkace daidai gwargwado. Tsohon fayil na ɗaure a kariyar bayan keken da robar taya, ba wanda ya san abin da ke ciki, har shi kansa. Haka yake ratsa lungu, ƙirji a gaba, haɓa a sama, kai ka ce ba shi ke tuƙa keken ba, ƙasa ce ke gudu a ƙarƙashinsa don ladabi.

A ofis kuwa ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ne mataimakin mai riƙe da hatimi. In mai hatimin ya tafi salla, duk takardar da ke ginin nan sai ta jira Malam Ashafa ya gama shan shayi.

A unguwarsu, kamar ko'ina a cikin birni, akwai abin da yaro ke tashi ya tarar. In ka zo wucewa ta gaban dakalin dattawa kana kan abin hawa, sai ka sauka, ka tura, ka rusuna ka gaishe su, in ka wuce ka sake hawa. Mai babur ma kashe inji yake yi. Malam Ashafa ya bar wannan al'ada shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar da aka fara ba shi ajiyar hatimi.

"Ku fahimce ni," in ji shi ga duk wanda ya tsaya, "ba keke nake hawa ba, lokacin gwamnati nake hawa. In na sauka, aikin jiha ya sauka."

Don haka ya ƙirƙiro tasa gaisuwar. Yakan ɗan taɓa birki, ya ɗaga yatsu biyu, ya kaɗa ƙararrawa. Sau ɗaya ga talakawa, sau biyu ga dattawa, sau uku in liman na wurin. Mutanen unguwa, da yake masu godiya ne, suka saka masa da suna. A gabansa Malam, a bayansa Ba-ka-taka-ƙasa.

Ana nan sai damina ta shigo, birkin keken ya fara kuka. Ba ƙaramin kuka ba. Da ya taɓa shi sai ya saki wata ƙara mai tsawo, siririya, mai ratsa haƙori, wadda awakin lungu ke amsawa gaba ɗaya. Mata a bayan zaure suka daina duba agogo, da sun ji ƙiiii sai su ce bakwai da rabi ta yi. Baba Hashim, babban dattijon dakalin, wanda kunnensa ya yi nauyi tun bara waccan, ya ce da na kusa da shi, "Ikon Allah. Yau kam na ji gaisuwar yaron nan."

A daidai wannan lokaci ne maganar kwata ta taso. A ƙarshen gangaren lungun akwai babbar kwata da ta toshe, duk ruwan da aka yi sai ta cika ta dawo wa mutane har cikin ɗaki. Dattawa suka ce ranar Asabar bayan la'asar za a zauna a ƙofar gidan Baba Hashim a zaɓi shugaban kwamitin da zai je ƙaramar hukuma ya yi magana da yawun unguwa. Aka ce akwai lasifika a can hukumar. Aka ce har hoto ake ɗauka.

Tun daga ranar Malam Ashafa ya daina cin abinci da kyau. Ya riga ya ga kansa a tsakiyar hoton.

Matarsa Bahijja ce ta kawo masa labarin da ya dagula lissafi. Ta dawo daga gidan suna, tana ninke mayafi, ta ce, "Malam, na ji matar Baba Hashim tana cewa wai dattawa sun ce mutumin da ba ya sauka ya gaishe su, ba za su tura shi ya gaida hukuma da sunansu ba."

Malam Ashafa ya gyara zaman hularsa. Sannan ya miƙe.

"Zan sauka," ya ce. "Ranar Asabar zan sauka. Amma ki sani, Bahijja, saukar da zan yi ba irin ta kowa ba ce. Sai an riƙa ba jikoki labarinta."

Matsala ɗaya ce. Ba a yin sauka ta tarihi da rakiyar kukan awaki. Dole a rufe bakin birkin nan.

Ranar Juma'a da hantsi ya nufi Mandawari wurin Mala mai gyaran keke. Mala Babarbare ne, sa'ansa ne, tare suka yi makarantar allo, kuma da yake Malam Ashafa Bafulatani ne, akwai wasan nan na kaka da kakanni a tsakaninsu wanda ba hatimin da ke kashe shi. Shi kaɗai ne a faɗin birni ke kallon Malam Ashafa ya ga Ashafa kawai. Yana zaune a gindin darbejiya, ya tsoma robar taya a kwanon ruwa yana neman inda kumfa ke fita. A kan benci mutum biyu na jira, mai burodi da mai ƙanƙara.

Ƙarar birkin ce ta yi sallama.

"A'a, bawana ne da kansa!" in ji Mala, bai ko ɗago ba. "Na ɗauka akuya ce ta maƙale a ƙofa."

"Babarbare, ba wasa ya kawo ni ba. Gobe ina da zama da manyan unguwa. Ka kashe mini ƙarar nan yanzu."

Mala ya leƙa, ya shafa da yatsa. "Robar birkin ta cinye gaba da baya. Ƙarfe ke cizon ƙarfe. Sai an sa sabuwa. Zauna a benci in sallami bayin Allahn nan."

Malam Ashafa ya dubi bencin. Ya dubi mai ƙanƙara, wanda ruwa ke ɗiga daga buhunsa. Shi kuwa Malam, ƙafarsa ɗaya na kan feda, ɗaya ya ɗora a kan wata tsohuwar taya don kada a ce ya taka ƙasa.

"Ni zan bi layi a bayan mai ƙanƙara?"

"Shi kayansa narkewa suke yi. Kai me ke narkewa a jikinka? Zauna, ɗan Fulani. Kakanka a ƙasa ya biyo shanu har garin nan, bai ce benci ya yi masa kaɗan ba."

"Ka san ko takarda nawa ke jirana?"

"Yau Juma'a, kuma ban ga hatimi a goshinka ba."

Mai burodi ya ƙunshe dariya. Malam Ashafa ya tattare riga, ya juya kan kekensa da martaba. Har ya yi nisa Mala ya ɗaga murya.

"Kai bawana! Duk abin da za ka yi, kada ka sa masa mai!"

Wani da zai ji wannan, gargaɗi zai ji. Amma Malam Ashafa mutum ne mai zurfin tunani. Tun kafin ya kai gida ya gano bakin zaren. Me zai sa mai sana'a ya bi ka da ihu yana hana ka abu, in ba don nan asirin sana'ar yake ba? Ƙofa in tana kuka, me ake sa mata? Keken ɗinki fa?

Ya shiga madafa, wurin da rabonsa da shi tun yana ango, ya ɗauko kwalbar man gyaɗan Bahijja. Ya sami tsumma ya shafe robar birki, ya bi gefen ƙafafun keken gaba da baya ya mulke su har suna ƙyalli. Ya tura keken a zaure, ya matsa birki. Shiru. Ya sake matsawa. Ko motsin sauro.

"Bahijja! Zo ki ga abin da ya gagari Barebari shekara talatin. Ilimi daban, sifana daban."

"Malam, man miyar gobe ne fa."

"Gobe matar shugaba za ki zama. Ki daina zancen miya."

Sauran yinin a zaure ya ƙare shi yana gwajin sauka. Yadda zai zaro ƙafar dama. Yadda zai yafa hannun riga a kafaɗa. Yadda zai rusuna, ba can ƙasa ba kamar mai neman aiki, rabi dai, irin na babba da ya ga dama.

Asabar da safe aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwata ta cika ta batse. Bayan la'asar rana ta fito, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Baba Hashim. Dattawa suka zauna, liman na tsakiya, magidanta suka tsaya a gefe. Daga gidan Malam Ashafa zuwa wurin taku arba'in ne, amma ba a zuwa tarihi ta gajeriyar hanya. Ya saka farar shaddarsa ta Salla, ya zagaya ta bakin titi don ya ɓullo daga saman gangare kowa ya gan shi. Ya ba feda wuta. Iska ta shiga riga. Fari fat, yana saukowa kamar balbela.

Daidai inda ya auna tun jiya, ya matsa birki a hankali.

Birkin bai yi ƙara ba. Gaskiya ne, ko kaɗan bai yi ba. Bai kuma yi komai ba.

Ya matsa na baya. Ya haɗa duka biyun ya damƙe har jijiyar hannunsa ta tashi. Keken ya ƙara mai, yana ƙanshin ƙuli-ƙuli. A nan akwai dabarar da duk ɗan koyo ya sani, ka sauke ƙafafu ka ja ƙasa. Ta zo masa a rai. Amma ya ja ƙafa a ƙasa kamar yaro, a gaban liman, da takalmin Salla? Ya tsaya yana shawara da martabarsa, kuma kafin su gama shawarar dakalin ya iso. Babban yatsansa, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana aiki ɗaya, ya yi abin da ya saba. Ƙararrawa ta kaɗa sau uku.

"Salamu alai..."

Ragowar sallamar daga cikin kwata aka jiyo ta.

Baba Hashim ya juya ga liman. "Ka gani ko? Da yakan rage gudu. Yau ko wannan bai yi ba."

Magidanta suka ruga. Suka tarar da keken a kwance a baki, ƙafar baya na ta juyawa ba ƙara, shi kuma mai shi yana tsaye a ciki, baƙin ruwa har ƙirji, ledar ruwa a maƙale a kafaɗa, hula ta kama hanyarta ita kaɗai. Aka jawo shi. Kuma a nan ne za ka san babban mutum, domin ko numfashi bai gama mayarwa ba ya fara jawabi.

"Jama'a, da gangan na shiga. Shugaba ba ya magana a kan abin da bai auna ba. Wa a cikinku ya san zurfin kwatar nan? Ni na sani!"

Aka kawo shi gaban dattawa yana ɗiga. A karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya ƙafafunsa biyu suna ƙasa a wannan wuri, ɗaya ba takalmi. Baba Hashim ya sa tabarau, ya daɗe yana duban baƙin layin da ya raba farar shaddar gida biyu daidai ƙirji.

"Wallahi yaron nan ya yi mana aiki," ya ce. "Shekara uku muna gaya wa hukuma zurfinta, ba su yarda ba. Malam Usaini," ya juya ga wani magidanci a gefe, "kai za ka shugabanci kwamiti, kai za ka yi magana. Ashafa, ka cire rigar nan ka ba shi. A gaya wa Bahijja kada ta kuskura ta wanke. Ita za a kai musu su gani da idonsu."

Malam Ashafa ya share fuska. "To ni fa, Baba? Ƙarfe nawa za mu tashi?"

"Kai ka huta, ka sha wahala. Rigar ta isa."

Ranar Litinin aka je, aka yi magana a lasifika, aka ɗauki hoto. Yana nan a zauren Baba Hashim ga mai son gani. Mutum biyu sun riƙe hannayen shaddar sun baza ta, ita ce a tsakiya, a sahun gaba. Mai ita kuwa a wannan sa'ar yana Mandawari a kan bencin Mala, shi ne na uku a layi, bayan mai ƙanƙara.