Ranar da Na Yi Kyauta da Jujin Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so 'yan ƙauyenmu ba za su bari ba. Shekarun casa'in ne, ina ɗan lakwal, wato makarantar boko, a Konni, aka tura ni hutu wurin Kawu, wani ƙauye kusa da Tsarnawa, saura ƙiris damina ta sauka.

Matsalata ɗaya ce: Illa, ɗan Kawu, taubashina. Wani malamin gona ya zo ya yi bayani cewa leda na kashe awaki, tana kashe ƙasa. Illa ya ɗauki abin da zafi, kullum yana kan jujin bayan gida yana tsince leda da matattun batura. Shi ke nan fa! Ko'ina Illa, Illa. Malamin gona ya dafa kansa gaban mutane, Inna matar Kawu ta ƙara masa nono a fura. Ni kuwa ɗan birni, wanda ya zo na ɗaya a darasin tsabta (na huɗu ne, amma wa ya sani a can?), ko kallo ban samu ba.

Na ce a raina, wai tsintar leda ce abin yabo? Ga juji kamar tsauni, toka, kashin awaki, ƙaiƙayi, sharar shekara guda, ya bar shi yana wasa da 'yan ledoji!

Ran kasuwa Kawu da Illa suka fita, Inna ta tafi suna. Sai ga maƙwabcinmu Malam Sanda da amalankensa.

"Baba, don Allah ka kwashe mana dattin nan."

Ya dube ni, ya dubi juji. "Kawunka ya ce?"

"Ni na ce, kuma zai ji daɗi."

"Duka, ɗana?"

"Har ƙasa!"

Ban taɓa ganin tsoho ya yi aiki da sauri haka ba. Yana lodi yana sa mini albarka (ni kuma ina ta yi masa godiya, kun ji wauta). Na share wurin tas, na yayyafa ruwa, na zauna jiran yabo.

Da la'asar suka dawo, har da malamin gona da wasu dattawa, wai za a nuna musu aikin Illa. Na miƙe ina washe baki.

Kawu ya tsaya cak. "Ina takina?"

"Wane taki, Kawu? Datti ne, na sa an kwashe."

"Mi ka ce, wanga yaro?"

Illa ya faɗi ƙasa don dariya. "Taubashi, geronmu na bana ka ba da sadaka!"

Ashe jujin nan shi ake kaiwa gona kafin shuka. Ledar ma don takin ya tafi da tsabta Illa ke cire ta.

Kawu ya ja ni har gonar Malam Sanda. Tsohon ya riga ya baza takin kaf. "Ai na tambaya," in ji shi, "mai gidan ya ce har ƙasa."

Sauran hutuna na ƙare shi da kwando a ka, ina bin garken Fulani ina tsintar kashin shanu, Illa na biye da ni yana kirana "Mushe Tsabta", wato Malam Tsabta da Faransancin lakwal. Duk da haka geron Kawu bai yi rabin na maƙwabci ba a shekarar.

Tun daga nan, in na ga baƙauye ya bar abu a bayan gidansa, ba na cewa mantuwa ya yi. In kuma ana yabon wani, sai in sa hannuwana a aljihu har kishin ya wuce.