Ranar da Riskuwa ta Ga Bakin Malam

Jiya na bar yankan shinkafa a fadamar Zauro, na sa rigar Juma'a, na je na tsaya cikin rana ina yi wa wani babban mutum tafi. Ban san sunansa ba, ba a kuma ce in sani ba. An dai aiko cewa baƙo zai zo daga Sakkwato ya duba firamaren unguwarmu a nan Birnin Kebbi, kowane uba ya hallara. Na je, don ina da 'ya a can, kuma saboda ita nake wannan surutu.

Sunanta Riskuwa. Sanƙarau ya kama ta tana ƙarama, Allah ya bar mana ita, amma ciwon ya tafi da jinta. Yarinya ce mai kai: in ka fuskance ta ka yi magana a hankali, za ta karanta bakinka tsaf. Ranar da rediyo ya ce manya sun soke wariya, mai ji da marar ji duk aji ɗaya za su zauna, wallahi har ƙwalla na yi. Uwarta Asiya ta kai ɗinkin rigar makaranta a ranar.

Abin da rediyo ya manta bai faɗa ba shi ne yadda ajin yake. Rabin kwanon rufin iska ta kwashe tun daminar bara. Benci babu, kowane yaro da tubalinsa ko gwangwaninsa na zama. Ga kuma tsohuwar ƙa'idar makarantar: gajere gaba, dogo baya. Riskuwa kuwa tsawona ta ɗauko, Allah ya yafe mini. Tana can manne da bangon baya, malam yana can gaba ya ba su ƙeya, yana ta yi wa allo bayani.

Kwanan baya na sami hedimasta na durƙusa.

"Ranka shi daɗe, a maido min ɗiyar nan gaba, ta riƙa ganin bakin malam."

Ya ce, "Malam Yari, ba ka ji umurnin da anka bayar ba? Cewa anka yi kar a bambanta su. In na ɗauko ta na kai gaba don ba ta ji, ai na bambanta ta ke nan. So kaka a kore ni?"

Na miƙe na fito, don ban taɓa cin karo da adalci mai tsabta haka ba. Da na kai wa maƙwabcina Ummaru mai albasa kuka, dariya ya yi. "Kai mi kaka wa kuka? Ɗiyata Abu kunnuwanta garau, gaba taka zama, har yau ko sunanta ba ta rubutawa. Ai sun cika alkawali, sun daidaita su!"

Ni ban yi dariya ba. Asiya ta riga ta fara cewa a cire yarinyar ta zauna gida, tunda zuwan ba ya ƙara mata komai sai wankin riga. Kullum ina roƙonta ta ƙara haƙuri, kullum hujjata tana ƙarewa.

To, jiya sai ga makaranta ta zama amarya. An shafe bango da farar ƙasa, an aro benci daga inda Allah ya sani. Riskuwa kuwa, da ba a bambanta ta, an ɗauko ta an dasa a layin farko, aka ajiye wa baƙon, Mai Girma Baban Ilimi, kujera dab da ita don a ɗauki hoto. Mu iyaye muka cika taga muna leƙe.

Nan abin ya faru. Ba a ba babban mutum baya, kowa ya san wannan. Dole malam ya juyo ya fuskanci aji, ya yi darasinsa tun daga farko har ƙarshe bakinsa a fili. Ina kallon Riskuwa, ko ƙiftawa ba ta yi. Da ya yi tambaya ta ɗaga hannu, ta ba da amsa da muryar nan tata mai kauri, amsar kuma daidai. Ashe duk watannin nan abin da ya tsaya tsakanin 'yata da karatu juyowar mutum ɗaya ce.

Mai Girma ya miƙe ya ce wannan shaida ce tsarinsu ya yi nasara. Muka yi tafi har hannu ya yi zafi. Kafin la'asar mota ta zo ta kwashe bencin, hedimasta ya sanar cewa ran Litinin kowa ya dawo da tubalinsa ya koma wurinsa. Ya faɗa ne yana kallon wani gefe, don haka Riskuwa ba ta sani ba. Ta dawo gida tana tsalle, ta ce wa uwarta an ba ta gaba saboda ƙoƙarinta. Har yanzu na kasa fuskantar ta in gaya mata gaskiya.

Saboda haka, Mai Girma, ranka ya daɗe, ba rufi nake roƙo ba, ba benci ba, na san an yi muku yawa. In dai akwai mai a motarka, ka daure ka riƙa zuwa kullum da safe ka zauna kusa da ita. Tafi kuwa ni zan kawo.