Ranar da Aka Auna Ƙwaƙwalwar Mushe

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka liƙa mini wayoyi a ka ba, shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi. Ƙanena Illa ya dawo daga ci-rani da shan ƙwaya, na ɗauko shi daga Tama na kai shi asibitin mishan. Can muka tarar da wata baƙuwar likita da na'ura mai zana motsin ƙwaƙwalwa a takarda. Wai tana son ta gano ko zanen zai nuna wanda zai jure magani har ƙarshe da wanda zai gudu.

Illa na ganin wayoyin ya rungumi jakarsa. "Yaya, abin ga hankali shika tsotsa. Ni gida za ni."

Na san in ya fita ƙofar nan mun rasa shi. Sai ni, Mushe guda, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, na tuɓe hula na ce a fara da ni, ya ga ƙwaƙwalwar mai kamun kai. (Har na ƙara da cewa duk wanda alluran na'urar suka yi wa rawa ba ya cika alƙawari. Ba wanda ya tambaye ni.)

Majo Bulus, mai taimaka wa likita, ya riga ya ce ba shayi ba goro tun safe. Na ce to. Ɓarin goro kuwa yana kuncina, don a ganina dokar ta mashaya ce.

Aka kunna na'ura, na lumshe ido, ina ɗan tauna a ɓoye. Alluran suka kama tsalle kamar kaji na tonon juji. Likita ta duba wayoyi, ta sake liƙawa, ta dube ni cikin tausayi. Sai Majo ya sunkuyo.

"Mushe, buɗe bakinka."

Na buɗe. Ja wur! Ashe motsin muƙamuƙina na'urar take zanawa.

Illa ya yi dariyar da rabona da ji tun kafin tafiyarsa. "Ashe kai ma ko hantsi ba ka iya kaiwa, Yaya?" Ya ajiye jaka ya miƙa kansa, nasa zanen ya fito lafiya lau. Ya ce, "Ina zamnawa har ƙarshe, amma kai ma ka bar goro sai ran da anka sallame ni."

Na dafa ƙirji a gaban kowa na yarda.

Illa ya kammala maganinsa, yau albasa yake nomawa a fadama. Ni kuwa ko ranar kasuwar Madawa ban kai ba na koma wa gorona. Tun daga nan, in za a auna kan wani, hulata tana nan daram a kaina.